Juma'ar da Ban Ɗora Tukunya Ba

Na sha jin ku kuna gaya wa baƙi cewa ciwon gwiwa ne ya raba ni da girkin biki. Ban taɓa musa muku ba, domin gwiwar tana ciwon, kuma amsa ce da ba ta jawo wata tambaya. Amma ba ita ce gaskiyar ba. Da kaina na bar aikin nan, a shekarar da aka rushe unguwarmu ta Karantina, kuma sanadinsa wata tafiya ce ta kwana biyu zuwa Lit, ƙaramin garin masunta da ke kudu da Jidda. Kun san tafiyar, da ku aka yi ta, hotunanta suna nan cikin wayoyinku. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka yi ta yiwu. Zan riƙa kiran sunayenku kamar ina ba wani labari, saboda 'ya'yanku ma za su karanta wata rana.

Tun ina budurwa nake tsaye a bayan mahaifiyata a gaban murhu. Ita ta koya mini girkin mutanen Hijaz da namu na gida, kabsa da saliƙ idan bikin Larabawa ne, masa da funkaso da alkaki idan na namu ne. A Jidda kuwa biki na Alhamis ne da Juma'a. Saboda haka ranakun da kowa ke hutawa su ne ranakun da ni da Yaya Kulu, abokiyar aikina wadda ta girme ni da kaɗan, muke tsaye tun hantsi har ƙafafunmu su kumbura. Mukan ga maƙwabta suna loda tabarmi da butocin shayi a mota za su bakin teku, mu kuma muna loda tukwane. Ban taɓa jin haushi ba. Ina son aikin, ina son in ga faranti ya dawo babu ko ƙwayar shinkafa. Sai dai a garin da ke bakin teku aka haife ni, a nan na aurar da 'yata ta fari zuwa Madina, a nan na ga jikoki, amma ban taɓa kwana a inda ake jin motsin ruwa ba.

Babanku shi kullum yana ganin teku, amma ta bayan shinge, a tashar jiragen ruwa inda ya yi aikin sito tun yana da baƙin gashi. Waɗanda suka san shi a Karantina sun san ƙofar gidanmu majalisa ce bayan la'asar. Shi ne mai kwaikwayon muryar kowa, har limami sai ya riƙe ciki don dariya. A shekarar nan abubuwa biyu suka same shi a jere. Ya ajiye aiki, kafin ya saba da zaman gida kuma aka sa wa unguwarmu alamar rushewa. Muka koma unguwar Kurayyat, wani gida a hawa na uku. Maƙwabtan da muka yi shekaru muna musayar gishiri da su suka watse, kowa inda ya samu. Babanku ya sami kujera kusa da taga, tagar da ba ta kallon komai sai bangon wani ginin, ya zauna. Masallacin ƙasan bene kawai yake sauka. Abinci sai ya taɓa ya ture. Safiya, autarmu mai aikin jinya, ta kai shi wurin likita, aka auna komai aka ce lafiyarsa ƙalau. Ni kuwa ina kallon wuyan rigarsa yana ƙara faɗi.

Wata Talata na soya kifi da rana. Ya ɗan gutsura, ya tauna, ya ajiye.

"Wannan kifin ya kwana uku a ƙanƙara, Hajiya."

Na ce masa da safen nan na saye shi.

"Ke kika saya da safe. Shi ya daɗe da barin ruwa. A Lit, idan kwale-kwale ya iso, kifin najil yana motsi ake tsaga shi. Gishiri kawai da tsamiya. Ko mai ba a sa masa."

Na san a Lit ya yi ƙuruciyarsa, domin a gaɓar nan jirgin da ya ɗauko iyayensa ya sauke su, mahaifinsa kuma ya zauna yana gyaran koma kafin su taho Jidda. Amma bai cika zancen ba. Ran nan sai ya saki baki. Ya ba ni labarin wani abokinsa Salim, ɗan masunci, wanda ya koya masa iyo ta hanyar tunkuɗa shi daga kwale-kwale. Ya kwaikwayi yadda mahaifiyar Salim take ƙwala musu kira. Hannunsa ya tashi sama, muryarsa ta canza, har na ga haƙoransa. Ina tsaye da faranti a hannu, na kasa ajiyewa don kada ƙarar ta katse shi. Da ya gama ya koma kallon bangonsa, amma ni na riga na ga abin da na gani.

Washegari na tara Bashir da Safiya a kicin, na turo ƙofa. Bashir yana tuƙa babbar motar kaya, shi da matarsa da 'ya'yansa mata biyu suna hawa na ƙasa da mu. Na ce musu ina so mu fita da babansu kwana biyu, bakin ruwa. Suka kalli juna kamar na ce zan sayi jirgi.

"Umma, ke? Ranar Juma'a?" in ji Bashir.

"Ni. Ranar Juma'a."

Nan da nan gardama ta tashi a tsakaninsu. Bashir ya ce Tuwal ta fi kusa, a je da safe a dawo da yamma, ba sai an nemi masauki ba. Safiya ta zaro waya tana nuna mini hotunan wasu wurare can arewa, ruwa shuɗi kamar an zuba masa shuni, da gidajen hutu masu gilashi. Na bar su suka gaji, sannan na ce Lit za mu.

"Ya Umma, babu komai a Lit sai masunta da ƙarni," in ji Safiya.

Na ce su nake nema.

Sai aiki ya fara. Ban san shirya hutu aiki ba ne sai lokacin. Safiya sai ta sami wadda za ta karɓi aikinta na asibiti. Bashir sai ya nemi izini a wurin aiki, ya kuma aro mota mai ɗaukar mu duka. Masauki ma sai da aka sha waya, har Safiya ta samo wata istiraha, wato gida mai tsakar gida da ake haya don hutawa, ɗaki biyu da ƙofa mai fuskantar ruwa. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne neman Salim, domin ba mu san ko yana raye ba. Bashir ya yi safiya uku yana zagaya kasuwar kifi yana tambayar masu kawo kaya daga kudu, har ya dace da wani da ya ce ya san Ammu Salim, wato Baffa Salim, tsoho mai ido ɗaya, har yanzu yana fita da kwale-kwalensa. Sai dai ya ce mu hanzarta, 'yarsa za ta ɗauke shi zuwa Ɗa'if a yi masa aikin ɗayan idon, kuma ba ta da niyyar barinsa ya koma ruwa. Da muka jera komai, hutun wannan da iznin wancan da tafiyar tsoho da azumi da ke tahowa, ƙarshen mako ɗaya tak ya rage mana. Muka tsayar da shi. Na ga Safiya ta zagaye ranar da jan biro a kalandar kicin, zuciyata ta yi tsalle kamar ta yarinya.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Ummu Walid ta kira ni.

Dole in gaya muku ko wace ce ita a wurina. Gidansu ne gida na farko da ya ba ni biki ni kaɗai bayan rasuwar mahaifiyata. Kowane suna, kowane aure, kowace rasuwa ta gidan nan, ni na dafa. Kuma daga bakinta sunana ya shiga sauran manyan gidaje. Idan ta ce wa mace "ki nemi Ummu Bashir," wato ni, to an gama magana. Ran nan muryarta cike da murna ta ce dangin ango sun matso da ranar auren autarta, yarinyar da ni na dafa abincin sunanta. Ta faɗi ranar. Na ɗaga kai na kalli jan zagayen da ke kalanda.

Ban ba ta amsa a waya ba. Na ce zan zo gidanta. Daga nan na hau mota zuwa wurin Yaya Kulu, wadda rushewar ta jefa can wata unguwa mai nisa. Na zayyana mata komai. Ta juya kofin shayin da ke hannunta.

"Dije, idan kika ƙi matar nan, kin san ba ita kaɗai kika ƙi ba."

"Na sani, Yaya."

"To a ɗaga tafiyar mana."

Na ce zuwa yaushe? Bayan azumi zafi ya shigo, tsohon ya tafi Ɗa'if, shi kuma Malam ban san abin da zai rage a cikin rigarsa ba. Na ce mata shekara nawa ina ciyar da mazajen wasu a ranar Juma'a, nawa yana cin ɗumame. Ban san maganar tana cikina ba sai da ta fito. Yaya Kulu ta dube ni, ta ajiye kofin.

"Halas, shi ke nan. Tashi ki je ki gaya mata tun da sauran lokaci. Kuma ki sa da ni a motar."

Na tarar da Ummu Walid a falonta cikin yadudduka da akwatunan amarya. Ta rungume ni, ta fara lissafa mini abin da take so a dafa. Na bari ta kai aya, sannan na ce ba zan samu zuwa ba. Na gaya mata gaskiya, ban ce rashin lafiya ba, ban ƙirƙiro rasuwa ba. Na ce zan kai mijina bakin teku. Na ce akwai wata da na koya wa aiki da hannuna, zan tsaya mata a kan komai kafin in tafi, har kayan ƙamshi ni zan haɗa.

"Bahar?" ta ce. "Za ki bar auren 'yata saboda yawon bakin bahar, ya Ummu Bashir?"

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, amma yaya za ka bayyana wa mai shirin aure cewa wani tsoho ya yi dariya sau ɗaya a kan kifi? Ta ce ba ta bukatar wadda na koya wa. Ta sa aka kawo mini gahawa kamar yadda aka saba, ta raka ni har ƙofa, ta yi mini addu'a da murya mai sanyi. Ba ta sake kirana ba har yau. Gidajen da suka san ni ta dalilinta su ma suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ban riƙe ta a zuciya ba, uwa ce, kuma a ranarta na bar ta. Na yi kuka a motar dawowa. Da na iso gida na wanke fuska, na ce muku makon nan babu biki.

Sai ga babanku ya ƙi tafiyar.

Mun bari sai saura mako guda muka gaya masa, muna tsammanin zai yi murna. Ya saurari Bashir har ƙarshe, ya ce Allah ya kiyaye hanya, mu gaishe da Salim.

"Baba, don kai fa aka shirya," in ji Safiya.

"Wa ya aike ku? Me zan je in gani? Wanda ya san ni a can ya mutu ko ya manta."

Ya juya wa taga fuska. Na shiga kicin na zauna a kan buhun shinkafa, na rasa abin da zan yi da kaina. Washegari, bayan kun fita aiki, Yaya Kulu ta zo. Ban kira ta ba, Safiya ce ta yi mata waya tana ƙorafi. Ta hau benen nan uku tana haki, ko ruwa ba ta sha ba ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Malam, ni ba 'yarka ba ce, saboda haka ba lallashi na zo yi ba. Ka san matarka ta mayar da bikin gidan Ummu Walid?"

Ya waiwayo. Ya san gidan, shi yake kai mini tukwane can tun muna da ƙuruciya.

"Hajiya, gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne.

"Saboda kifi?"

"Saboda kifi."

Ya dube ni. Ni kuma na kafa ido a kan tabarma kamar sabuwar amarya. Sai na ji ƙarar kujera. Ya shiga ɗaki, muka ji yana jan akwati daga ƙarƙashin gado. Ya fito da wata tsohuwar jaka ta fata yana kakkaɓe ta.

"Wane irin gawayi kuka saya?" ya ce.

Na nuna masa. Ya ɗauki ɗaya, ya murƙushe shi da yatsu, ya girgiza kai.

"Wannan na turare ne. Da wannan za ku gasa najil? Ina takalmina?"

Ran nan ya sauka bene ya wuce masallaci, ya tafi kasuwa da ƙafarsa. Ni da Yaya Kulu muka leƙa ta tagar kicin muna kallon ƙeyarsa har ya sha kwana. Ta ce in ba ta ruwan nan yanzu.

Makon da ya biyo baya, wallahi, ban san ko ya fi tafiyar kanta daɗi ba. Babanku ya ƙwace shirin gaba ɗaya daga hannunmu. Ya yage murfin kwali ya rubuta jerin kaya a kai, ya rataye a ƙofa, kullum sai ya ƙara wani abu ya soke wani. Ya sa Bashir ya duba tayoyin motar aro har sau biyu, sannan ya sauka ya duba da kansa. Ya yi gardama da Safiya kwana biyu a kan lokacin tashi, ita tana cewa Juma'a da asuba, shi yana cewa Alhamis bayan azahar don mu riski faɗuwar rana a kan ruwa, kuma shi ya yi nasara. Ya tara jikokinsa mata yana koya musu sunayen kifi, wadda ta manta sai ta yi tsallen kwaɗo. Kowa sai da ya nuna masa iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ya gani da idonsa saboda shingen hanya. Da Bashir ya samo lambar Ammu Salim, babanku ya riƙe wayar nesa da kunne yana ihu cikinta kamar daga nan zai jiyar da Lit. Ba mu ji abin da aka ce a can ba, sai muka ga ya zauna a ƙasa yana dariya yana share ido da hannun riga.

"Ya ce har yanzu ban iya iyo ba," ya ce mana. "Maƙaryaci."

Ni kuma hannuna ya ƙi yarda cewa hutu za mu. Ranar Laraba na tashi na soya nama, na yi alkaki, na jiƙa shinkafar masa, na sauko da babbar tukunyata. Mu takwas ne, amma abin da na tara zai ciyar da zauren biki. Babanku ya tsaya a ƙofar kicin da kwalinsa a hannu.

"Hajiya, wa ke aure?"

"Yara za su ji yunwa a hanya."

"Hanyar awa biyu da 'yan kai? Alkakin ya shiga. Naman ya shiga. Tukunya kuwa ko ta shayi ce ba za ta hau motar nan ba."

Na ce to wa zai dafa mana? Ya buga ƙirjinsa. Matar Bashir ta toshe baki da mayafi ta fice.

Mun tashi Alhamis bayan azahar kamar yadda ya yanke. Yana gaba kusa da Bashir, yana nuna masa hanyar da Bashir ya fi shi sani. Gine-gine suka ƙare, sai fili da raƙuma jefi-jefi, can dama kuma wani siririn haske da ya ce shi ne teku. Yaya Kulu ta yi barci da alkaki a hannu. Mun shiga Lit rana ta yi ja. Bai bari mun sauke kaya ba, ya ce a wuce inda kwale-kwale suke. Wani tsoho siriri, baƙi ƙirin saboda rana, yana zaune a kan kifaffen bokiti yana jira. Babanku ya buɗe ƙofa tun motar ba ta gama tsayawa ba.

"Ya Haruna!" tsohon ya ƙwala. "Ka tsufa, ya miskin!"

"Da ido ɗaya ka gani?"

Suka rungume juna suna jijjiga, suna magana lokaci guda, babu mai sauraron wani. Masuntan da ke wurin suka bar aikinsu suna kallo suna murmushi. Iska ta kawo ƙarnin da Safiya ta yi mana gargaɗi a kai, na shaƙe shi har ciki.

Ranar Juma'a na farka bayan asuba jikina yana gaya mini na makara. Na tashi zumbur ina neman inda aka ajiye albasa, sai na tuna. Na buɗe ƙofar nan mai fuskantar ruwa na zauna a kan dakali. Ruwan yana zuwa a hankali ya taɓa yashi ya koma. Na ɗora hannuwana a cinya, na sauke su, na sake ɗorawa. Ban san inda ake ajiye hannu ba idan babu aiki. Bayan an sauko daga masallaci Ammu Salim ya zo da kifin da ya kama da safe, najil biyu ja masu ɗigo-ɗigo da wasu ƙanana, matarsa kuma ta aiko da tukunyar shinkafa. Mazan suka hura gawayi a tsakar gida. Sau uku ina miƙewa in gyara musu wuta, sau uku babanku yana nuna mini tabarma da wuƙar hannunsa.

Wajen la'asar wani abu ya taso mini. Na tuna a daidai wannan lokacin ake zuba shinkafa a gidan Ummu Walid, kuma wani hannu ne yake zubawa. Na yi tunanin ko an sa gishiri daidai, ko an bar albasar ta yi duhu yadda take so. Hawaye suka zubo. Yaya Kulu ta gani. Ta tuɓe takalmi, ta kama hannuna, ta ja ni har bakin ruwa. Muka shiga da abayoyinmu. Ɗumi ne da shi kamar ruwan wankan jariri. Muka kai gwiwa, muka kai ƙugu, sai wata igiya ta zo ta zaunar da Yaya Kulu daɓas. Ta taso tana tofar da gishiri tana salati, ni kuma dariya ta kama ni har na faɗi a kanta. Jikoki suka rugo, Safiya ta biyo su tana ihu a riƙe mata waya. Tsofaffi biyu da suka ƙare rayuwarsu a gaban wuta, ga mu muna watsa wa juna ruwa.

Da muka fito muka canza kaya, babanku ya shimfiɗa ledar cin abinci da kansa. Ya ɓare tsokar da ke bayan kan kifin, ya cire ƙaya, ya ɗora a gefena. A gaban 'ya'yansa, a gaban surukarsa. Kunya ta kama ni na ja mayafi.

"Ci ki gaya mini, ke ce gwana."

Na ci. Gishiri ya ɗan yi yawa, gefe ɗaya kuma ya ƙone. Na ce masa ban taɓa cin kifi irinsa ba, kuma ba ƙarya na yi ba. Shi kuwa ya ci har ya nemi ƙari, ya sa hannu a shinkafar Bashir.

Ranar Asabar da sassafe, kafin mu haɗa kaya, Ammu Salim ya ce zai zaga da abokinsa a kwale-kwale. Babanku ya shiga, ya juyo ya miƙo mini hannu. Na ce a'a, ni a tudu aka haife ni. Ya ƙi sauke hannun. Bashir ya riƙe ni ta gefe, na rufe ido na taka, abin ya yi lilo na ƙanƙame bakin katako ina karanta duk addu'ar da na sani. Injin ya tashi. Da na buɗe ido, ku duka kun zama ƙanana a bakin yashi kuna ɗaga mana hannu. Ruwan da ke ƙarƙashinmu garau yake, har ina ganin kifaye suna wucewa a kan duwatsu masu launi. Can tsakiya Ammu Salim ya kashe injin, ya juya mana baya yana warware zaren fatsa. Shiru ya sauka, sai ruwa da ke ɗan bugun katako. Babanku ya tsoma hannu a ciki, ya shafa a fuskarsa. Sannan ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya kamar mai neman aure.

"Hajiya, Alhamis mai zuwa kina da aiki?"

Na yi tunani da gaske, na duba makon a raina daga farko har ƙarshe.

"Ba ni da shi, Malam."

"To ni ma," ya ce. "Salim, ba ta fatsa ɗaya."